Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Saiwar Iboga, Masu Ita da 'Ya'yanmu

'Yan'uwa mazauna wannan yanki na kogin Ntem, daga Ebolowa zuwa Ambam da Kye-Ossi, har Bitam da Oyem na ƙasar Gabon.

A watan da ya gabata, bayan sallar la'asar, wani dattijo daga cikinmu ya shigo zauren Sarkin Hausawa, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya daɗe yana kallon tabarma kafin ya iya buɗe baki. Da ya yi magana sai ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, gudummawa na zo nema a kan yaron nan." Babu wanda ya tambaye shi wane yaro, babu kuma wanda ya tambayi cutar. Kowa a unguwa ya san ɗansa na fari, ɗan acaba, shekara huɗu ke nan tramol ya kama shi. An yi masa rubutun sha, an yi masa faɗa, an yi masa duka, an taɓa kulle shi a ɗaki kwana bakwai. Yanzu kuma an kawo wa uban labarin wani mutum a ƙetaren iyaka mai ba da saiwar iboga, wanda ya yi alkawarin cewa dare ɗaya tak ya isa, yaro zai tashi kamar bai taɓa sanin ƙwaya ba. Kuɗin aiki sefa 300,000. Tafiya kuwa jibi.

Mu da ke riƙe da alƙalami da littafin zauren, aikinmu shi ne mu rubuta sunan mai bayarwa da abin da ya bayar. Ranar nan alƙalamin ya yi mana nauyi. Ba yawan kuɗin ne ya tsaya mana a rai ba, kalmar "jibi" ce. Kakanninmu sun sauka a wannan kurmi tun zamanin Jamus, suna fataucin goro da roba da tufafi, mu kuma a nan aka haife mu. Tun muna yara muke jiyo amon garayar ngombi cikin dare daga ƙauyukan maƙwabtanmu. Ko ba mu taɓa leƙa ɗakin bautarsu ba, mun san abu ɗaya: masu wannan saiwa ba sa cewa jibi.

Ga wanda bai san ta ba, iboga ɗan ƙaramin itace ne da ke tsirowa a inuwar manyan itatuwan kurmin Gabon da kudancin Kamaru da Kongo da Gini Ikwatoriya, yana yin 'ya'ya masu launin lemo. Abin da ake nema a jikinsa ɓawon saiwa ne, a kankare, a shanya, a daka. Ɗacinsa ya sa maɗaci ya zama abin wasa. Kaɗan daga cikinsa yana kore barci da gajiya, shi ya sa maharba suka daɗe suna tauna shi idan za su kwana dako. Mai yawa kuwa kayar da mutum yake yi: ƙafafu su ƙi ɗaukarsa, amai ya yi ta zuwa, ya kwanta ido rufe yana gane-gane na tsawon dare da yini, bayan nan ma barci ya ƙaurace masa na kwanaki. A kan wannan saiwa aka gina addinin Bwiti. Ƙabilun Mitsogo da Apinji na tsakiyar Gabon suna cewa daga Babongo, mutanen cikin kurmi, suka karɓo saninta. Fang kuma suka ɗauki addinin wajen farkon ƙarni na 20, suka gauraya shi da abubuwa da dama na Kiristanci. Wani masani ɗan Amurka, James Fernandez, ya zauna cikinsu a arewacin Gabon, ya wallafa babban littafi a kansu a 1982. A shekarar 2000 gwamnatin Omar Bongo ta ayyana iboga a matsayin gadon ƙasa.

Washegarin zuwan dattijon, Sarki ya aike mu wurin wani tsoho ɗan ƙabilar Fang, wanda mahaifinmu ya shekara ashirin yana sayen koko a hannunsa. An shigar da shi Bwiti tun yana saurayi. Abin da ya gani a daren shigarsa bai taɓa faɗa mana ba, mu ma ba mu tambaya ba, don kowane gida da sirrinsa. Amma da muka ba shi labarin dare ɗaya da jibi, sai ya ajiye addarsa ya dube mu. Ya ce, "Ɗan maƙwabcina, ku daren kuke tambaya. Daren ai ƙarshen magana ne."

Ga abin da ya zayyana mana, yana mai jan kunnenmu cewa Bwiti rassa-rassa ne, kowane reshe da tsarinsa. Da farko dai, nganga na gaskiya, wato jagoran bikin, ba ya karɓar mutum ranar da ya zo. Sai ya ji dalilinsa, ya ga danginsa, ya tabbatar da yardarsu. Mai neman shiga yakan yi makonni ko watanni yana halartar raye-rayen dare a matsayin ɗan kallo, ana lura da shi: yaya numfashinsa, yaya ƙarfinsa, yaya hankalinsa, mai saurin firgita ne ko mai natsuwa. Wanda aka ga alamar rauni a jikinsa ko taɓuwa a kansa, akan ce ya dakata. Dangi kuma su shiga tara kayan biki, tabarma da ƙyalle da kyandir da abincin baƙi, wanda shi kansa hanya ce ta sa kowa a gidan ya san abin da ake ciki, ya kuma sa hannunsa. Idan lokaci ya matso, sai a hana shi giya, a hana shi kusantar iyali, a rage masa abinci, a ba shi ganyayen wanke ciki.

Sannan sai babban abin, wanda tsohon ya fi daɗewa a kansa. Kafin a sa masa ko ƙwayar gari ɗaya a baki, sai mai shiga ya zauna gaban manya ya faɗi laifuffukansa duka: wanda ya cuta, wanda ya yi wa sata, matar da ya ci amanarta, ƙullin da ke zuciyarsa game da uwa ko uba ko ɗan'uwa. Sun yi imani cewa wanda ya ɓoye babban laifi ya ci saiwar, zai iya haukacewa ko ya mutu. Bayan nan a kai shi rafi a yi masa wanka da ganyaye, a shafe shi da farar ƙasa da jan garin itace. A wasu rassan akan saki ɗan kwalekwale na ganye ɗauke da wutar ƙaron itacen okume, ya bi ruwa ya tafi, alamar tsohuwar rayuwa ta wuce. Mun yi murmushi a nan, don mu ma muna cewa ranar wanka ba a ɓoye cibi.

A daren kansa, ana naɗa masa uwa da uba na biki, mutum biyu da ba za su gusa daga gefensa ba har ya dawo hayyacinsa. Ba a ɗura masa saiwar gaba ɗaya. Kaɗan-kaɗan ake ba shi cikin sa'o'i masu yawa, ana duba idonsa, ana taɓa jikinsa, ana yi masa magana a ji yadda yake amsawa, kuma akwai inda tsofaffi ke cewa ya isa. Da gari ya waye ba a sallame shi. Yakan yi kwanaki a wurin yana hutawa, yana faɗa wa manya abin da ya gani suna fassara masa, a ba shi sabon suna, ya koma ƙauyen da kowa ya san cewa wannan mutum ya sake rayuwa, za a kuma riƙe shi a kan haka.

Muka ce, "Baba, da duk wannan shiri, ba a mutuwa?" Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Ana mutuwa. Shi ya sa muke tsoronta."

Wannan amsa ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Mutanen da suka gaji saiwar nan kaka da kakanni, suka yi mata waƙa, suka kira ta itace mai tsarki, su ne suka fi kowa tsoronta, suka kewaye ta da shinge bayan shinge. Wanda ya cire ta daga cikin shingen ya ƙulla a leda, ya sa lambar waya a WhatsApp, ya ce a zo jibi, ba al'adar kowa yake sayarwa ba. Haɗarin kawai ya ɗebo ya bar sauran.

Ya kamata mu fahimci inda haɗarin yake, don ba aljani ba ne, ba kuma baki ba ne. A zuciya yake. Bugun zuciya yana tafiya ne da wata 'yar wutar lantarki da Allah ya halitta a cikinta, kuma bayan kowane bugu akwai ɗan lokacin da take sake shiri kafin na gaba. Sinadarin da ke cikin saiwar, wanda masana biyu na Faransa, Dybowski da Landrin, suka fara tacewa a 1901 aka sa masa suna ibogen, yana tsawaita wannan lokaci, yana kuma rage saurin bugun. Idan tsawon ya wuce ƙima, zuciya takan rikice, ta yi ta karkarwa maimakon bugu, mutum ya faɗi. Amai da rashin cin abinci suna ƙara dagula lamarin, domin suna zubar da gishirin jini irin su fotasiyam da maganiziyam waɗanda zuciya ke dogara da su. Haka kuma hantar mutane ba ɗaya ba ce: wani tasa tana narkar da sinadarin da sauri, wani a hankali, ta yadda abin da wancan ya sha ya tashi, wannan zai iya kwantar da shi har abada. Kuma haɗarin ba ya ƙarewa da wayewar gari, don ragowar sinadarin na daɗewa a jiki kwanaki.

A 2012 wani likita na birnin New York, Kenneth Alper, da abokan aikinsa suka bi diddigin mutum 19 da suka mutu bayan shan ibogen a wajen wannan yanki namu tsakanin 1990 da 2008. A cikin 14 da aka sami cikakken binciken gawarsu, 12 suna da tsohuwar cuta, galibi ta zuciya, ko kuma akwai wata ƙwaya a jininsu, ko duka biyun. To, a dubi yaranmu. Mai shan tramol da ma yana kan bakin farfaɗiya, wa a cikinmu bai taɓa ganin ɗan acaba ya faɗi daga kan babur yana shure-shure ba? Tramol da ibogen kuma ta ƙofa ɗaya suke bi a cikin hanta. Ƙari a kan haka, akwai magungunan da muke sha kamar ruwa a wannan kurmi mai sauro, kinin a gaba, waɗanda su ma suna tsawaita wancan lokaci na zuciya. Tsohon nganga, duk ƙwarewarsa, yana iya karanta ido da numfashi, amma ba ya ganin lantarkin zuciya. Wannan sai na'urar awon zuciya ta asibiti, wadda likitoci ke kira ECG. Balle kuma mai leda da lambar waya, wanda ko idon ma bai duba ba.

Adalci ya wajaba, ko a kan abin da muke gargaɗi game da shi. Maganar cewa iboga na yanke ƙishirwar ƙwaya ba tatsuniya ba ce gaba ɗaya. A 1962 wani saurayi ɗan shekara 19 a New York, Howard Lotsof, mai shan hodar heroyin, ya sha ibogen don neman maye, ya farka ya tarar da azabar rashin hodar ba ta zo masa ba. Ya ƙare rayuwarsa yana kiran a bincika abin. Amurka ta haramta sinadarin, Faransa ma ta haramta iboga a 2007 bayan mutuwar wani matashi a wani taron sha a 2006, amma bincike bai tsaya ba. A watan Janairun 2024 masana na jami'ar Stanford suka wallafa sakamakon tsoffin sojoji 30 masu raunin ƙwaƙwalwa da aka ba ibogen a wani asibiti a Meziko, suka ba da rahoton sauƙi mai yawa, ko da yake ba a kwatanta su da wani rukunin da bai sha ba. A 2025 jihar Texas ta ware dala miliyan 50 don gwaje-gwaje. Wanda ya ce babu komai a cikin saiwar nan bai faɗi gaskiya ba.

Sai dai a lura da yadda masu kuɗin suke yi. Sukan auna zuciya da hanta da gishirin jini tun kafin ranar. Sukan tabbatar cewa wasu ƙwayoyin sun fita daga jiki. Sukan ƙara wa mutum maganiziyam ta jijiya don kare zuciya, su jona masa na'ura tana lura da bugunta dare da rana, likita na tsaye, sannan a yi zaman tattaunawa da shi kafin da bayan. Tsohon ƙauye da likitan birni ba su san juna ba, harshensu ba ɗaya ba, abin da suke nema ma ba ɗaya ba, amma sun haɗu a kan cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum ɗaya ne ya saɓa musu, shi ne kuma ake so mu tara wa kuɗi.

Wannan kasuwa ta waje ta jawo wata ɓarnar. Itacen yana ɗaukar shekaru kafin saiwarsa ta nuna, masu haƙa kuwa tumɓuke shi suke yi ɗungurungum. Abin ya kai Gabon ta dakatar da fitar da iboga na daji a 2019. Duk abin da ya yi tsada kuwa sai an yi masa algus, ana gauraya garin da ɓawon wasu saiwoyi masu kama da shi, wasunsu ma guba ne. Wanda ya sayi gari a leda bai san abin da ya saya ba.

Yanzu mu zo ga abin da ya shafe mu a matsayin Musulmi, don dattijon nan mai salla ne, a sahun gaba yake tsayawa. A zauren karatu, bayan mun wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, malamanmu sun karantar da mu rabe-raben da Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya yi a littafinsa Alfuruƙ. Ya kasa masu taɓa hankali gida uku. Akwai muskir, mai gusar da hankali tare da nishaɗi da jin ƙarfi, kamar giya. Akwai mufsid, mai rikita hankali ba tare da wannan nishaɗin ba. Akwai murƙid, mai ɗauke hankali da ji gaba ɗaya, kamar abin da ake ba wanda za a yi wa tiyata. Na farko haramun ne kaɗan da mai yawa. Biyun ƙarshe kuwa, abin da aka hana shi ne gwargwadon da zai taɓa hankali, kuma malamai sun buɗe ƙofar larura ga magani, kamar a sumar da mutum don a yanke masa gaɓar da ta ruɓe. Fatawa ta malamai ce, ba ta magatakarda ba. Amma ko ɗalibi ya san cewa ƙofar larura ba a shigarta da ka. Tana buƙatar masanin da ya san cutar da maganin, da rinjayen zaton cewa za a tsira. Rai amana ne, ba a caca da shi don an gaji.

Wannan game da saiwar ke nan. Game da bikin kuwa, maganar ta fi sauƙi kuma ta fi nauyi. Ba a kafa Bwiti don yaye wa kowa tramol ba. Mai shiga yana tafiya ne don ya gana da kakanninsa da suka mutu, ya karɓo suna da shiriya daga gare su. Wannan addini ne cikakke mai aƙidarsa, kuma wanda ya yi kalmar shahada ba shi da wurin zama a kan wannan tabarma. Mun faɗi haka ba da raini ba. Mutanen nan maƙwabtanmu ne, sun ba kakanninmu masauki, suna zuwa sunan 'ya'yanmu, muna zuwa yi musu gaisuwar rasuwa. Tsohon da muka je wurinsa shi da kansa ya ce bai ga dalilin da zai sa a kawo ɗan Musulmi gaban kakannin da ba nasa ba. Ya fi wasunmu fahimtar inda iyakar take.

Abin da ya hana mu barci bayan mun dawo shi ne wannan: duk shingen da tsohon ya lissafa, babu wanda ba mu da irinsa a gidanmu. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, tafiyar shekaru, ba su tashi jibi ba. Sai sun biya bashi, sun bi gida-gida suna neman gafara, sun bar wasiyya. Har yau maniyyaci na gari haka yake yi ko da jirgi zai hau. Shehin ɗariƙa ba ya sa almajiri halwa sai da izini, ya rage masa abinci sannu a hankali, ya riƙa leƙa shi, don an san kaɗaici da yunwa na iya juya kan mutum. Ko 'yan bori, da malamanmu suka daɗe suna yaƙi da su, ba sa yi wa mutum girka sai an keɓe shi kwanaki a hannun wanda ya san aikin. Mun kuma ga abin da ke faruwa idan tsiro mai ƙarfi ya faɗa hannun yara babu babba: zaƙami, wanda ba a banza aka yi masa laƙabi da haukata-yaro ba. Sanin cewa babban abu yana son shiri, da shaidu, da mai riƙe hannu, ba baƙonmu ba ne. Mun dai ajiye shi ne a daidai inda aka fi buƙatarsa.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Abin da ya sa dare ɗaya ya yi mana daɗin ji shi ne ba ya neman komai daga gare mu sai kuɗi. Mu biya, a tafi da yaro, a dawo mana da shi a wanke. A shekara huɗun nan, wa ya zaunar da yaron ya tambaye shi abin da ya sa yake sha? An tambaye shi sau ɗari me ya sa ba zai bari ba, wannan kuwa wata tambaya ce dabam. Yana fita tun asuba, ya yini a kan babur cikin ruwa da taɓo har tsakar dare, don ya haɗa kuɗin da zai kai wa mai babur kullum, baya na ciwo, ido na lumshewa. Abokin aiki ya miƙa masa ƙwaya ɗaya ya ce za ta riƙe shi. Ta riƙe shi kuwa, har yau ba ta sake shi ba. Maƙwabtanmu sun sa faɗin abin da ke ciki ya zama sharaɗi kafin magani. Mu kuwa yaro ya buɗe baki sai mu rufe masa da "ba ka jin kunya?"

Kunya ado ce, ba mu ce a yar da ita ba. Dattijon nan bai ambaci sunan ɗansa a zaure ba saboda ɗan fari ne, haka muka tarar, haka muke yi. Amma waɗanda suka gadar mana da kunyar ɗan fari ba su bar yaro babu ƙofa ba. Sun ba shi kawu, wanda zai iya faɗa wa abin da ba zai faɗa wa uba ba. Sun ba shi gwaggo. Sun ba shi kaka, abokiyar wasa, wadda za ta zage shi da dariya ta kuma ji cikinsa. Sun ba shi taubashi da ubangida. Uwa da uban biki da maƙwabtanmu ke naɗawa na dare ɗaya, mu an naɗa mana su tun ranar suna. Zaman baƙunta ne ya warwatsa mu: kawu yana Duwala, gwaggo tana Garwa, kaka an binne ta a Ngaundere, aka bar uba da ɗa su biyu a gida ɗaya, kunya ta zama katanga babu ƙofa.

Ko da an ce daren ya yi kyau, yaro ya tashi lafiya ƙishirwa ta yanke, ina za a mayar da shi? Tashar babura ɗaya, abokai ɗaya, mai tallar ƙwaya yana nan a inda yake. Ga kuma wani tarkon da mutane ba su sani ba: jikin da ya huta daga ƙwaya ya daina jure abin da yake jurewa a da. Ranar da ya koma ya haɗiyi adadin da ya saba, adadin nan zai iya zama ajalinsa. Wanda aka ba sabon suna a ƙauye yana komawa cikin mutanen da za su riƙe shi. Namu zai koma cikin mutanen da za su ce, "Ai mun biya."

Mun san akwai wanda zai karanta wannan ya ce magatakarda yana magana ne don ba ɗansa ba ne. Gaskiya ne, kuma wanda wuta ke ci a gidansa ba ya zaɓen ruwa. Ba mu da ikon ɗaure ƙafar kowa. Amma wanda ya ƙi jin duk abin da muka faɗa, to aƙalla ya yi wa mai maganin tambayoyin da tsoho da likita za su yi. Ya nemi ganin takardar awon zuciya kafin ya karɓi kuɗi? Ya tambayi abin da yaro ke sha, da ranar da ya sha na ƙarshe, da ko yana kan maganin zazzaɓi? Ya tambayi ko ya taɓa faɗuwa, ko akwai taɓin hankali ko mutuwar fuju'a a dangi? Wa zai kwana a kansa, kuma kilomita nawa ne zuwa asibitin da ke da wuta da likita cikin dare? Ya taɓa mayar da wani gida ya ce jikinsa ba zai ɗauka ba? Mai maganin da bai taɓa korar kowa ba, aljihu yake dubawa.

Da muka kai wa Sarki abin da muka jiyo, ya sa aka kira dattijon bayan isha, ba a gaban jama'a ba. Ya ce masa, "Malam, gudummawa za a yi, amma ba ta jibi ba." An tara abin da aka tara. Aka kai yaron asibiti aka auna shi, sai ga shi a makon nan ma kinin yake sha saboda zazzaɓi, abin da ko uban bai sani ba. Likita ya ce kada a yanke masa tramol rana ɗaya, a riƙa ragewa bisa tsarin da ya rubuta. Aka yi wa kawunsa waya, ya rufe shagonsa a Ebolowa ya zo, suka kwana biyu suna magana a ɗaki, abin da suka faɗa yana tsakaninsu. An karɓe babur an mayar wa mai shi, Sarkin Fawa ya ba yaron wuri a bakin tukubar tsire. A littafin zaure, a shafin da muka tanada don sunayen masu ba da kuɗi, yanzu sunayen mutum huɗu ne da lokutan da kowannensu zai zauna da shi.

A rana ta goma sha tara ya ɓace tun azahar, aka same shi da dare a bayan tasha ya sha. Kawun ya dawo da shi, aka koma wurin likita, aka sake ƙirga daga ɗaya. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan a sabon lissafi. Uban har yanzu "yaron nan" yake cewa, amma shi ya karɓi zaman asuba, lokacin da jiki ya fi yi wa yaron ciwo, yana zaune a bakin ƙofa da carbinsa. Mutumin ƙetaren iyaka ya bugo waya sau biyu. A na biyun ya ce zai yi a 200,000.